Basilin, man kaɗanya ko kirim mai yuriya: wanne ya dace da fata da farcen mai karɓar kemo a Jos?

A zagayen farko na kemo, wato maganin ciwon daji da ake ƙarawa ta jijiya ko a sha, hankalin kowa yana kan amai da zubewar gashi. Sai an shiga na biyu ko na uku fata take fara magana: ƙwauri ya yi fari kamar an barbaɗa toka, tafin hannu ya yi duhu, farata su yi gautsi. Nan ne shawara take yin yawa. Gwaggo ta aiko da man kaɗanya daga ƙauye, maƙwabciya ta ce man zaitun ne magani, mai kemis ya miƙo kirim mai tsada. Kowanne yana da wurin da yake aiki da wurin da yake ɓarna, kuma abu biyu ne ke raba gardamar: sunan maganin da ke rubuce a katin asibiti, da kuma ko fatar ta tsage ko ba ta tsage ba.

Kemo yana kai hari ne ga ƙwayoyin halitta masu saurin rabuwa. Na ciwon daji suna cikinsu, amma na ƙarƙashin fata da na tushen farce su ma haka suke. Fata takan sabunta kanta cikin kamar mako 4. Idan aikin ya yi jinkiri, saman fata yakan yi siriri, maiƙonsa ya ragu, ruwa ya riƙa tserewa. A Jos abin ya fi tsanani. Garin yana kan tudu, kimanin mita 1,200 sama da teku, iskar hunturu daga Nuwamba zuwa Fabrairu busasshiya ce, sanyin kuma yana sa mutane wanka da ruwa mai tururi da zama gaban kaskon gawayi. Duka biyun suna ƙara cinye ɗan maiƙon da ya rage.

Man jiki: abin da kowanne yake yi

Basilin ba ya ƙara wa fata ruwa. Rufe ta yake yi, ya hana ruwan da ke ciki fita, kuma a wannan aikin babu man da ya kamo shi: yana tare fiye da kashi 90 cikin 100 na ruwan da zai tsere. Ba shi da turare, da wuya ya tayar da ƙaiƙayi, ƙwayoyin cuta ba sa samun abin ci a cikinsa, kuma ba ya zafi a kan faso. Shi ya sa muke sa shi gaba ga wanda fatarsa ta tsage. Amma a shafa shi a kan busasshiyar fata, sai dai a yi ƙyalli kawai, ƙasan yana nan a bushe. Ana shafa shi ne cikin minti 3 da fitowa daga wanka, jiki da sauran danshi. Illarsa nauyi da kama ƙura da rana, kuma a fuska, ƙirji da baya yana iya toshe kafofin gashi ya kawo ƙuraje. A nemi fari tas mara ƙamshi, a rufe daga kamfani. Wanda ake aunawa a leda a kasuwa, ko mai launi da turare, ba na mai kemo ba ne.

Man kaɗanya mai kyau ne, kada wani ya raina shi don na gida ne. Yana laushi, yana shiga fata fiye da basilin, ya fi daɗin ɗauka da rana. Matsalarsa ba a man take ba, a hannun da ya bi take. Wanda ake saya a buɗe a kasuwar Taminus ko ta Farin Gada ya sha ƙura da yatsun masu taɓawa, wani da sauran ruwa a cikinsa, ruwan nan kuwa shi ke kawo fumfuna. Ga mai lafiya wannan ba komai ba ne. Ga wanda fararen ƙwayoyin jininsa suka faɗi, musamman tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan ƙarin ruwan kemo, ƙaramin tsagi ƙofa ce. Idan kaɗanya za a yi amfani da shi, a narka shi a kwano mai tsabta da aka ɗora cikin ruwan zafi, a tace da farin ƙyalle da aka dafa, a zuba a busasshiyar kwalba mai murfi. Wanda ya yi ɗoyi ko ya yi ɗigo-ɗigon baƙi a zubar. Sanyin Jos kuma yana daskarar da shi ya yi tsakuwa-tsakuwa. A narka shi a tafin hannu tukuna, kada a murza shi da ƙarfi a fata. A kan fatar da ba ta tsage ba kaɗai.

Man zaitun shi ne wanda mutane suka fi amincewa da shi, shi ne kuma muka fi ja da baya a kansa. Wani gwaji da aka yi a Shefil ta Ingila ya nuna shafa shi kullum na tsawon mako 4 yana raunana saman fata, har ga masu lafiyar fata. A ci shi a abinci, wannan daban. Man kwakwa ya fi shi sauƙi ga fata, amma siriri ne, ba ya jure iskar hunturu shi kaɗai. Gilisarin kuma yana jawo ruwa ne. A busasshiyar iska idan aka shafa shi tsagwaronsa yana danƙo yana zafi, sai dai a cikin kirim, ko a ɗora basilin a kansa.

Kirim na kemis mara turare, irin su E45, CeraVe ko Eucerin, yana haɗa ruwa da maiƙo wuri guda, shi ya sa ya fi dacewa da rana, a ƙarƙashin tufafi. Tsadarsa ce matsala, domin babba mai bushewar jiki gaba ɗaya yakan ci giram 250 zuwa 500 a mako idan ana shafawa yadda ya kamata. Ƙaramar kwalbar da ake lallaɓawa ta yi wata 2 ba ta aikin komai. Gara basilin mai yawa da kirim mai tsada ɗan kaɗan. Na cikin gwangwani mai kauri ya fi na ruwa-ruwa mai famfo. Wanda aka rubuta Aqueous Cream a jikinsa kuwa, yawancinsa yana ɗauke da sinadarin sabulu. A yi wanka da shi a ɗauraye, kada a bar shi a jiki.

Ga wanda aljihunsa ya yi sanyi, tsarin da ya fi sauƙi shi ne kaɗanya mai tsabta da safe, basilin da dare. Ko wanne aka zaɓa, a ɗiba da cokali mai tsabta ba da yatsa ba, a shafa bin kwanciyar gashi, kuma sabon mai a gwada shi a cikin dantse kwana 2 kafin a game jiki.

Akwai haɗarin da ba a cika faɗa ba. Tufafi da zanen gado da suka sha mai, basilin ne ko wani, suna kama wuta da sauri, wanki ma ba ya fitar da man duka. Mai shafa mai da yawa ya nisanci kaskon gawayi, risho, kyandir da kaskon turaren wuta. A cikin sanyin Disamba wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Tafin hannu da tafin ƙafa: nan ne yuriya take da gurbi

Masu shan ƙwayar kafesitabin, wadda aka fi sani da Xeloda, ana shan ta kwana 14 a huta 7, su ne suka fi gamuwa da ciwon tafin hannu da ƙafa da kemo ke jawowa. Haka masu karɓar 5-FU, dosetaksel, da wani nau'in doksorubisin. Takardun magani suna cewa tafi zai yi ja, amma a baƙar fata ba ja ake gani ba. Duhu ake gani, layukan tafi su yi baƙi, fatar ta yi kauri tana sheƙi, mutum yana jin kamar ana tsira masa allura ko ya taka yashi mai zafi. Wanda yake jiran ganin ja zai makara.

A nan kirim mai yuriya kashi 10 cikin 100 ya fi basilin da kaɗanya, domin yuriya tana riƙe ruwa kuma tana sassauta matacciyar fata kafin ta taru ta tsage. An gwada shi a kan masu shan kafesitabin, ya rage yawan waɗanda abin ya kama. Sirrinsa a fara tun ranar farko ta magani, sau 3 a rana da kuma bayan wanke hannu, ba sai ciwo ya zo ba. Ma'auninsa: abin da aka matso daga kan yatsa zuwa gaɓar farko, kimanin rabin giram, ya ishi hannu ɗaya ciki da baya, ƙafa ɗaya tana cin ninki 2. Akwai mai kashi 20 zuwa 40, wannan na narka kaushi ne, a kan kaushin kaɗai, da izinin likita. Da zarar fata ta tsage ko ta yi bororo, yuriya ta zama wuta, a koma basilin. (Ga manoman dankali da kayan lambu: takin yuriya na buhu ba shi ba ne, kada a kwaɓa shi da mai.)

Akwai sabon zaɓi. Wani bincike daga Indiya da aka wallafa a 2024 ya nuna man daikulofenak kashi 1 cikin 100, wanda aka saba shafawa don ciwon gaɓoɓi, idan aka shafa shi a hannu sau 2 a rana tun farkon magani, yana rage mai tsananin wannan ciwo. Yana da sauƙin samu, amma a tambayi likitan daji tukuna, musamman mai matsalar ƙoda, gyambon ciki ko mai shan maganin tsinka jini. Kuma da yawa daga waɗanda ke kemis an haɗa su da sinadarai masu zafi irin na man zafi. Waɗannan ba su ba ne. Bitamin B6 kuwa, da aka daɗe ana rubutawa, gwaje-gwaje ba su nuna yana hanawa ba.

Duk man duniya ba zai yi aiki ba idan zafi da gurzawa suka ci gaba, domin su ne ke tara maganin a ƙananan jijiyoyin tafi. Daka, tuƙin tuwo, matse wanki, riƙe fartanya, tuƙin babur ko Keke Napep yini guda, doguwar tafiya da silifas na roba: waɗannan a raba wa 'yan gida a makonnin shan magani. Dutsen goge kaushi da reza a ajiye su. Kaushin da ke akwai a gyara shi kafin a fara kemo, ba a tsakiya ba. Safar roba ta wanke-wanke tana tara zafi, a sa ta auduga a ciki kuma kada a wuce minti 15. Da dare a lafta basilin, a sa safar auduga mai sakin jiki.

Idan zafin ya kai mutum ba ya iya sa maɓalli, riƙe kofi ko taka ƙasa, ko fata ta fara saɓulewa, wannan ya wuce mai. A kira asibiti kafin a sha ƙwaya ta gaba. Dakatar da maganin na 'yan kwanaki ko rage shi shi ne ainihin magani, kuma likita ne zai yanke, ba mara lafiya ba. Mutane da yawa suna ɓoyewa don tsoron kada a tsayar musu da magani. Ɓoyewar ce take kai wa ga tsayawa mai tsawo. Wani abu kuma: kafesitabin yana iya shafe zanen yatsa na ɗan lokaci. Mai buƙatar dangwale a banki ko ofishin NIN ya yi kafin ya fara, ko ya karɓi takarda daga likita.

Farce: a bar shi, a rufe shi, ko a sanyaya shi

Ba duk canjin farce ne abin tsoro ba. Doksorubisin, jan ruwan nan, da saiklofosfamaid suna sa baƙin layi ko duhu a farata, kuma ya fi yawa a baƙar fata. Kwarin da ke gilma farce, layi ɗaya ga kowane zagaye, alama ce ta tsayawar girma na ɗan lokaci. Duk suna fita da kansu. Farcen hannu yana tsiro kamar milimita 3 a wata, sai ya yi wata 6 kafin ya sabunta. Na ƙafa shekara 1 zuwa 1 da rabi. Abin da ke buƙatar kulawa shi ne na faklitaksel da dosetaksel, wato Taxol da Taxotere: farce ya ɗago daga naman da ke ƙarƙashinsa, jini ko ruwa ya taru, wani lokaci da wari.

Barin farce a buɗe, gajere, ana shafa masa basilin a gindi da gefe safe da dare, shi ne zaɓin da muka fi so, saboda dalili ɗaya: ana ganin abin da ke faruwa. A yanke shi miƙe bayan wanka yana da laushi, a goge bakinsa da magogi, kada a bi lungu, kada a tura ko a yanke fatar gindinsa. Mai yankan farce na yawo da almakashinsa ɗaya ga kowa, a yi masa sallama har a gama magani. Wadda aka cire wa kaluluwar hammata a aikin mama ta ninka kula da hannun wannan ɓangaren, domin ƙaramin rauni a nan yana iya zama kumburin dantse gaba ɗaya.

Jan farce mai duhu wasu asibitocin Turai suna ba da shawararsa ga masu Taxotere don tare hasken rana, amma hujjar ba ta da ƙarfi. Yana ɓoye launin farce, ruwan goge shi mai asiton yana busarwa, kuma ga Musulma yana hana ruwan alwala isa ga farce, sai ta riƙa gogewa tana sakewa, wanda ya fi rashinsa ɓarna. Farcen roba da na jel babu mahawara a kansu: ana kankare saman farce kafin a manna su, danshi yana maƙalewa a ƙasa, cire su kuma yana iya tafiya da farcen gaske.

Lalle fa? Jan lalle tsantsa, garin ganye da ruwa, ba ya hana alwala kuma ba ya kankare farce, ta nan ya fi jan farce. Amma shi ma yana rufe launi, kuma ba ya gogewa sai farcen ya tsiro. Ƙunshi a leda dare guda yana tara zafi da gumi a daidai tafin da ake so ya huce. Mai shan Xeloda ko karɓar Taxol ko Taxotere ta haƙura da shi a tafi da farce. Idan biki ya taso kuma fata lafiya lau, ɗan zane a bayan hannu da jan lalle mara haɗi ya fi sauƙi, ban da hannun da ake sa ƙarin ruwa, don nas tana buƙatar ganin jijiya. Baƙin lalle da dayis kuwa a'a: sinadarin PPD da ke cikinsu yana ƙona fatar masu lafiya ma. Dilka da halawa su ma su jira.

Sanyaya hannu da ƙafa lokacin ƙarin ruwa shi ne abin da ya fi hujja wajen hana farce ɗagowa. Sanyi yana tsuke jijiyoyin yatsu, maganin da ke isa tushen farce ya ragu. Gwajin da aka yi a Faransa a 2005 da safar hannu mai daskarewa ya nuna hakan ga masu dosetaksel. Ana farawa minti 15 kafin ruwan, a ci gaba har ya ƙare, a ƙara minti 15. Inda babu safar, ana iya zuwa da ƙanƙara a kula, a naɗe ta a tawul, a sa siririyar safar auduga. Ƙanƙara ba ta taɓa fata kai tsaye, kuma idan yatsa ya yi fari ko ya daina jin taɓi a cire. Sai an shirya da nas tun kafin ranar. Wannan na Taxol da Taxotere ne. Mai karɓar oksaliflatin, maganin dajin hanji, sanyi abokin gabarsa ne: taɓa ƙarfe ko ruwan sanyi kaɗai yana sa yatsu da maƙogwaro su ɗauki zogi na kwanaki bayan ruwan. A Jos irin wannan mara lafiyar yana buƙatar safar hannu da ruwan ɗumi don alwalar asuba. Mai sikila, da wanda yatsunsa ke yin fari da ciwo a sanyi, su ma ba a sanyaya musu.

Idan gefen farce ya kumbura yana zafi kamar ɗan karkare, likitoci sukan ba da jiƙawa a farin khal da ruwa rabi da rabi, minti 10 zuwa 15 sau 2 a rana, ko shafa aidin, sannan a busar sosai. In ya yi zafi a ƙara ruwa. Farcen da ya ɗago kada a fizge shi, kada a tsokale ƙasansa da tsinke. A rage abin da ya ɗago kawai. Mugunya, launin kore ko wari na buƙatar likita ya gani a ranar.

Sabulu, rana, da duhun fata

Sabulun salo da sabulai masu kashe ƙwayoyin cuta suna wanke maiƙo fiye da kima. Sabulu mai laushi mara turare, a hammata da matse-matsi kawai, ruwan ɗumi wanda gwiwar hannu za ta jure, minti 5 zuwa 10, babu soso mai kaushi, a dangwala tawul ba a goga ba. Alwala sau 5 wanki ne sau 5, don haka a ajiye ƙaramar kwalbar kirim kusa da buta, a shafa bayan kowace. Basilin mai kauri a bar shi sai bayan isha'i.

Sanyin Jos yana ruɗar mutane game da rana, alhali a kan tudu haskenta ya fi ƙarfi. 5-FU, kafesitabin da metotireksat suna sa fata saurin ƙonewa, kuma a baƙar fata ƙunar tana barin tabo mai duhu. Tsakanin tufafi da man kariya daga rana, tufafi ya fi arha kuma ba ya gogewa: dogon hannu, malafa ko lema daga hantsi zuwa la'asar. Man kariya mai SPF 30 ko sama na fuska da bayan hannu ne, a sabunta duk awa 2. Masu zirga-zirga tsakanin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) da Babban Asibitin Ƙasa na Abuja don gashi, wato gasa ciwon daji da na'ura, su kula da hannun da ke jikin tagar mota. Wurin da ake gasawa kuma ba a shafa masa komai sai abin da sashen gashi ya amince.

Duhun fuska, gaɓoɓin yatsu, har baƙin layin da ke bin jijiyar da aka sa 5-FU, yana washewa a hankali cikin watanni bayan an gama. Man bilicin ba ya gaggauta shi. Yawancinsu suna ɗauke da sitiroyid mai ƙarfi ko haidirokwinon, suna ƙara sirantar da fatar da ta riga ta yi rauni. Haka mayukan nan masu haɗi uku da ake saya don kowane ƙaiƙayi: suna kwantar da ja su ɓoye cutar da ke yaɗuwa. Ƙuraje masu kama da na balaga da ke fitowa ga masu shan magungunan daji irin su jefitinib ko alotinib ba na balaga ba ne, maganin fimful yana ƙara ƙona su. Likita yakan rubuta doksisaikilin da man da ya dace.

A ajiye ma'aunin zafin jiki a gida. Zafi digiri 38 tare da kowane rauni a fata ko farce, ja ko kumburi mai yaɗuwa, bororo haɗe da gyambon baki ko ido, ƙuraje masu bin gefe ɗaya na jiki da zogi, ko zafi da kumburi a wurin da aka sa jan ruwa: ba a shan farasitamol a kwanta, ba a jiran ranar kilinik. A tafi sashen gaggawa da katin kemo a hannu, a faɗa musu ranar da aka karɓi ruwa na ƙarshe.